Gasar Hana Barci ta Darakta Acanwaje

A gidan talabijin ɗin nan mai hawa biyu, wanda rabin ƙasansa shagon sayar da tayoyi ne, Allah Ya ajiye wani bawanSa da ya ga duniya. Shi ne daraktan shirye-shirye. Kwana huɗu cur ya yi a ƙasar waje wurin taron masu talabijin, kuma yau shekara shida ba a gama jin labarin kwana huɗun nan ba. 'Yan baƙin ciki suna cewa uku daga ciki a ɗakin otal ya yi su, wai cikinsa ya ɓaci tun a jirgi. To sai me? Ai ɗakin akwai talabijin mai tasha ɗari biyu, kuma ta nan ilimin ya sauko masa. Ba ya buɗe baki sai ya fara da "A can waje", shi ya sa ma'aikata suka raɗa masa Acanwaje. Da sunan ya iso kunnensa, sai ya ɗauka girmamawa ce.

"A can waje," yakan ce yana juyi a kujerarsa mai taya, "na ga gasar da ake rufe mutum a ɗaki ya yi ta cizon kaya, takalmi, hannun ƙofa, ƙafar tebur, har ya gano wanda aka yi da alewa. Na ga inda ake shafa wa matakala sabulu a ce magidanta su hau. Na ga bango yana tahowa da rami a jikinsa, in ba ka lanƙwashe daidai ramin ba ya watsa ka cikin ruwa. Wannan shi ne ci gaba! Mu nan me muke da shi? Kacici-kacici!"

Mutum ne mai tsari, Allah Ya ƙara masa. Dokarsa ta farko a gidan ita ce, in yana magana a gaban kyamara ba a yi masa alamar lokaci. Wani mai ɗaukar hoto ya taɓa juya masa yatsa a iska, wai ya taƙaita, aka dakatar da shi mako biyu. Tun daga ranar, in darakta yana jawabi, hannun kowa a aljihu yake.

Ran nan Hajiya mai gidan talabijin ta kira shi. Ita ba ta taɓa zuwa taron kowa ba, amma ta san shekara shida ba ta ga sabon shiri ko ɗaya ba. Ta ba shi wata guda. Ko ya kawo shirin da masu talla za su yi rububinsa, ko ya sauka ɗakin ajiyar tsofaffin kaset, jikin shagon tayoyi, mataimakinsa ya gaji kujerar. Ya fito yana murmushi don kada sakatariya ta gane, amma tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske. Dangin matarsa kaf Darakta suke kiransa, har surukarsa. Da wane baki zai ce musu yanzu shi mai kaɗe ƙurar kaset ne?

A gida ya tarar da matarsa tana ninke kayan makarantar yara.

"Maman yara, na samo. A can waje akwai gasar hana barci. Gado shida, katifa mai laushi, fanka, madara mai ɗumi, ga mai waƙar reno. Wanda barci ya ɗauke a ƙarshe, firji nasa ne."

"Allah Ya sa a dace, Baban yara," in ji ta.

Ya shiga yi mata bayanin asalin gasar da falsafarta. Bai yi nisa ba ya ga tana ta gyaɗa kai a hankali, riga a hannu. Ya ji daɗi ƙwarai, don ya daɗe bai ga ta yarda da maganarsa haka ba.

Aka yi sanarwa, mutum huɗu suka zo: wata nas, wani direban babbar mota da ya rantse yana kwana biyu a hanya bai ƙifta ba, wata tela, da wani malamin lissafi. Aka cika na biyar da maigadin gidan talabijin. Gado na shida kuwa aka bai wa Kawu, ƙanin mahaifiyar darakta, wanda ya zo ganin gida ya ji ana zancen firji.

Ranar Lahadi, ƙarfe biyu na rana, kai tsaye. Darakta ya sha kwat da wandon da ya je taro da su, maɓallin tsakiya yana neman agaji. Ya miƙa wa mai haɗa hoto takardar umarni da ya rubuta da hannunsa. A raba allo biyu kamar yadda ake yi a can waje, fuskarsa a dama, gadaje a hagu. Da zarar jar fitila ta kama, a kunna agogo a saman allo. Duk wanda ya yi barci, a buga masa jan tambari. Shi zai yi 'yar gajeruwar maraba ta minti biyu, sannan a shigo da madara da mai waƙa.

Jar fitila ta kama. Agogo ya tashi.

"Masu kallo, kafin mu fara, ya kamata ku san me ake nufi da gasa. A can waje, lokacin da na sauka daga jirgi..."

Ya bi da su ta filin jirgi, ya tsaya a wurin karɓar jaka. Ya bayyana lif ɗin otal, hawa hawa. Minti na tara barci ya tafi da maigadi, kuma a gaskiya shi ba a yi mamaki ba. Mai haɗa hoto ya duba takarda, ya buga jan tambari. Minti na sha bakwai, ana kan yadda ake kunna fitilar ɗaki da kati, direban nan mai kwana biyu a hanya ya saki minshari irin na babbar mota a kan tudu. Mai haɗa hoto ya dubi mai ɗaukar hoto. Mai ɗaukar hoto, wanda shi ne na mako biyun nan, ya ƙara tura hannunsa cikin aljihu.

Tela ta bi sahu. Malamin lissafi ya yi ta mintsinin cinyarsa har ya haƙura. Nas ce ta yi jarumta, ta zauna ta buɗe ido da yatsu, amma da aka kai kashi na uku na tarihin matakala mai sabulu, ita ma ta kife. Madara ta huce a kan tire. Mai waƙar reno, da ke jira a bayan labule, sai tsintar ta aka yi tana barci a kan akwatin wayoyi.

Darakta bai waiwaya ba ko sau ɗaya, don a can waje mai gabatarwa kyamara yake kallo. Minti arba'in da bakwai cif ya yi, ya gyara wuyan riga, ya ce, "To yanzu, bari mu fara gasa."

Ya juya. Gado biyar, jan tambari biyar. Kawu kaɗai ke zaune ido garau yana kallon firji.

Wuta ta ɗauke wa darakta. Amma gogagge ne, sai ya matsa da makirufo. "Kawu, faɗa wa masu kallo sirrin wannan juriya."

"Iye? Ɗaga murya, ɗan nan! Na baro na'urar jin nan tawa ta kunne a gida."

Washegari tun kafin a kira shi ya tattara kayansa a kwali. Kunya ta hana shi gaida kowa a matakala. Ya shiga ofishin Hajiya yana jan ƙafa, ya tarar da ita da waya biyu, ɗaya a kowane kunne. Ta ajiye su ta ce ya zauna.

"Tun jiya wayoyin nan ba su huta ba. Mutane sun ce ba su taɓa ganin gasa mai wuya irin wannan ba. Gidaje da yawa sun gwada, ba wanda ya kai ƙarshe. Wani kamfanin katifa ya ɗauki shirin na shekara guda. Kujerarka tana nan."

Nan take ƙirjinsa ya dawo inda yake. "Ranki ya daɗe, ai dama na faɗa. Kuma fa ba a ma fara ba! In aka shigo da madara da waƙa..."

"Masu katifar sun ce a cire madara, a sallami mai waƙa. Kai kaɗai suke so. Ka riƙa yin bayaninka kamar jiya, kada ka gyara komai."

Ta tura masa takardar yarjejeniya. Ya duba layin mai gabatarwa, ya ga an rubuta mataimakinsa. Ya bi da yatsa har ƙasa, sai ga shi a ƙarƙashin kayan aikin da gidan zai tanada kowane mako: katifa shida, matashi shida, darakta ɗaya.

Ya karanta sau uku. Abin ya soke shi har zuciya, ya tuna ɗakin kaset, ya ɗauki biro. Amma mutum mai daraja ba ya sa hannu haka kawai. Ya kafa sharaɗi cewa lallai a ɗaga shi zuwa saman jerin. Aka buga wa kamfani waya, suka ce a'a, su katifa suke talla. Aka yi ta ja-in-ja har azahar, daga ƙarshe aka daidaita, aka sa shi ƙasa da katifa, sama da matashi.