Baƙonku Ya Tafi, Na Ga Jikata

Na ga jikata! Jiya da hantsi na gan ta tarwai a fuskar kwamfuta, har ta yi mini hamma, kuma duk wanda ya ce hancin nan ba nawa ba ne, hassada ke damunsa.

A gafarce ni, murna ta sa na tsallake gaisuwa.

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Leƙa-Gidan-Kowa, mai ido ba barci, Allah ya ƙara wa kunnenka tsawo.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ko da yake lafiyata kai ka riga ka sani, ina sanar da kai cewa yaronka, wato manhajar leƙen asirin da ta tare a kwamfutata, ya koma gida. Ni tsohon maigadi ne, da furfura na shiga makarantar dare na koyi baƙi, saboda haka rubutu yana da girma a idona. 'Yata da ke aure a nesa ita ta aiko mini da kwamfutar don mu riƙa ganin juna. Ga 'yan ƙorafe-ƙorafena:

1. Shigowarsa. Wani akwati ya buɗe, an rubuta cewa injina na ciwo, in danna nan a warkar da shi kyauta. Ranka ya daɗe, wa zai zaci rubutu mai kyau haka, babu ko gogewa, zai yi ƙarya? Na danna, har da godiya. Tsawon aikina ko kaza ba ta wuce ƙofa ban tambaye ta wurin wa ta zo ba, sai ga shi na buɗe wa ɗan leƙen asiri da yatsana.

2. Surutunsa. Sau ɗaya tak na nemi maganin ciwon gwiwa. Tun daga ranar, ko abokaina na tara a falo don su ga gwanintata, sai tallan man zafi da sandar dogarawa su cika fuskar. A gidanku haka ake riƙe sirrin dattijo?

3. An ce duk harafin da na buga yana kwashewa ya kawo muku. A nan kam tausayinsa na ji. Da yatsa ɗaya nake bugawa, kafin in gano inda “k” ta ɓuya shayi ya huce. Kun biya shi ladan jira kuwa?

4. Wannan ce babba. 'Yar fitilar kyamara ta koma kunna kanta, babu wanda ya taɓa. Da na ba 'yata labari ina dariya, ita ba ta yi dariya ba. Da ta haihu, sai ta rantse ba za ta nuna jaririyar ba muddin akwai idon baƙo a ɗakin. Kowa a dangi ya gan ta a waya, sai ni kakanta, da wayata ba ta nuna hoto, ake ba labari kamar maƙwabci. Uwargida ma sai ta dawo daga gidan ƙanwarta, inda take ganinta a waya, ta ce mini kumatun kamar an hura. Na kasa barci, na kasa cin abinci. Me na tare muku?

To, mun yi shara. 'Yata tana faɗa ta waya, ina dannawa da tabarau a hanci. Muka cire manhajar nan taku mai maganin ƙarya, muka sa mai gadin kwamfuta na gaskiya daga inda aka san shi, ya bincike lungu da saƙo, ya zaƙulo yaronka har da 'yan rakiyarsa. Muka sabunta injin, muka canja kalmomin sirri. Ashe sunan mutum da shekarar haihuwarsa ba kwaɗo ba ne, igiya ce. Kyamara kuwa na manna mata filasta, sai zan gaisa da iyali nake ɓarewa. Yanzu duk akwatin da ya ce in yi sauri, rufe shi nake yi. Mai gaskiya ba ya hana a yi shawara.

Ba na riƙe da kai a zuciya, yau ba ranar fushi ba ce. Gobe bayan la'asar za a sake nuna ta, an ce lokacin take buɗe ido. Na aro kujeru, na goge fuskar kwamfutar da hannun rigata. 'Yan ajinmu na dare, malamarmu, mai shagon kan kwana, masu gadin layinmu, kowa ya zo ya gani! Kai ma, ranka ya daɗe, ka zo, akwai wurin zama. Sai dai ta ƙofa za ka shigo, da ƙafarka, ka yi sallama, ka faɗi sunanka.

Naka mai biyayya har ƙasa,

Tsohon Maigadi,
sabon kaka.