Gudajin da Na Goge

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi likitancin aro a gaban surukin ɗana.

Shara nake yi a wani ɗakin gwaje-gwaje a Kabara. Shara da wankin kwalabe, shi ke nan. Amma a majalisarmu ta Madabo "Dakta" ake ce mini, ban kuma taɓa gyara wa kowa ba (a aji uku na tsaya, dolayen ajinmu su ne yau a manyan motoci, a bar maganar).

Kwatsam sai ga Alhaji Garba, wanda ɗana ke neman 'yarsa, ya zo jin sakamakon jikansa mai ciwon maƙogwaro. Ina hango shi na figi farar riga daga jikin ƙusa na zura.

Malama Binta, mai gwajin, ta riga ta ɗiɗɗiga ruwan ƙwayar cutar yaron a zagaye-zagayen wani kati, kowane zagaye da sinadarin garkuwar jiki mai kama dangin ƙwaya ɗaya: A, B, C, haka dai. Aka kira ta a waya, ta miƙo mini.

"Baba, riƙa ɗan karkata shi a hankali, ina zuwa."

Ina karkatawa ina hura hanci. "Ka ga aikin namu, Alhaji, sai da karatu."

Sai zagayen farko ya yi gudaji-gudaji! Ni ɗan mai koko ne, a gidanmu gudaji laifin duka ne. Na ce shi ke nan, na ɓata. Na sa tsinke na dama, ya ƙi. Na yagi auduga na goge shi tas.

Na dubi Alhaji na ce, "Alhamdu lillahi, fes yake. Yaro garau."

Malama ta dawo. "Ina na zagayen A?"

"Gudaji ya yi, na gyara miki."

"Innalillahi! Baba, gudajin ai shi ne amsar! Dangin A ne, wanda in an yi sake yake taɓa zuciyar yaro." Ta ƙare wa rigar kallo. "Kuma cire rigar mutane, ga tsinkenka ya ɗiga a ƙasa, ɗauko bokiti."

Alhaji ya tattare babbar rigarsa. "Bismillah, Dakta, kada in tare maka hanya."

An sake gwajin, yaro ya sha magani ya warke. Auren ma an ɗaura, sai dai a bayan rumfa na zauna, hula har gira. Tun daga ranar, abin da ban sani ba, ko wuta yake ci, hannuna na aljihu.