Rasuwar Gwaggo Ja, Taraktar Gidan Malam Hamidu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har yanzu ba ta huce ba, Tasalla matar marigayi Malam Hamidu na Jiratawa, tare da 'ya'yanta, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa cin amfanin fadamar Gulbi, rasuwar taraktar gidansu, wadda yara da manya suka fi sani da Gwaggo Ja. Ta rasu ranar Lahadin da ta wuce da hantsi, a unguwar Sabon Gari cikin Maraɗi, a ƙofar gidan da ba nata ba.

Labari ya iso wa iyalan cewa ana ta faɗi a gari wai tsufa ne ya kashe ta. Tasalla ta ce a fara da wannan kafin komai: ba tsufa ba ne. Marigayiya ta tsufa, babu mai musu, amma da ƙafafunta ta bar Jiratawa ranar Asabar, tana tafe tana tari irin nata na kullum. Ruwa aka bari ta sha har ta shaƙe, sa'an nan aka ja ta da sarƙa.

Babu wanda ya san shekarar haihuwarta. Da tsufanta ta zo gidan, da fitila ɗaya, jan fentinta ya koɗe ya koma kalar goron da aka tauna. Malam Hamidu ya zauna da ita zaman amana har ya koma ga Mahaliccinsa. Ba ta da zaɓen abinci. Man gazuwal na gidan mai da na kwalabar bakin hanya duk ɗaya ne a wurinta. Ta yi huɗa a gonar mai hali, ta yi a fegin gwauruwar da ba ta da abin biya sai kwandon albasa in kaka ta yi. Ta kai tattasai da zogale kasuwar Maraɗi. A shekarun da ruwa ya cinye hanya, ita ta fitar da mata masu naƙuda zuwa bakin kwalta, kuma akwai samari a Jiratawa yau masu gemu waɗanda a bayanta suka fara kuka.

Iyalan ba za su ɓoye aibinta ba. Birkinta sai da addu'a. Ba ta son sanyin safiya, sai an lallashe ta, ta yi kurrr, kurrr, ta yi shiru kamar mai tunanin ko za ta yarda, can sai a ji tuf, tuf, tuf-tuf-tuf, baƙin hayaƙi ya turnuƙe shanyar maƙwabta. Duk wanda ya zauna a unguwar ya san wannan murya. Mata da ita suke sanin lokacin ɗora koko.

Abu guda ta nema a duk zamanta, shi ma ba mai tsada ba ne. Bututun hayaƙinta a tsaye yake, bakinsa yana kallon sama, kuma duk abin da ya faɗa ciki hanyarsa ɗaya ce, sai cikin inji. Don haka duk yamma, in ta huce, Malam Hamidu yakan kifa mata wani tsohon gwangwanin tumatir a bakin bututun. Rani da damina bai fasa ba. Da safe yakan manta da shi da gangan, ya murza makulli, gwangwanin ya yi fau ya tashi sama, yaran unguwa su bi shi da gudu suna rige-rigen cafewa. Ya lotsa, ya yi tsatsa, hayaƙi ya mai da cikinsa baƙi ƙirin, amma bai taɓa barin ɗigon ruwa ya wuce ba.

Da Malam ya rasu, ɗansa Hafizu ya gaji tuƙi, Tasalla kuma ta gaji gwangwanin. Ba ta taɓa hawa kujerar Gwaggo Ja ba, ba ta san giya ɗaya daga wata ba, kuma gajeriya ce, hannunta ba ya kai wa bakin bututun. Sai ta samo wata doguwar sandar gora, ta riƙa saƙala gwangwanin a kanta tana ɗorawa. Hafizu zai iya yi da hannu ɗaya, amma ba ta bar masa ba. Takan idar da la'asar, ta leƙa gabas ta ga ko hadari ya haɗu, ta ɗauki sandarta. Maƙwabta sun sha yi mata tsiya cewa ta fi kula da kan tarakta fiye da nata ɗankwalin. Takan yi murmushi ta wuce.

Ga yadda ciwon ajali ya zo. Alhaji Abdulmutallib, ƙanin Malam Hamidu, ɗan kasuwa mai manyan motoci, zai aurar da ɗiyarsa Raihanatu a Tibiri. Lungun gidan ango ya cika da taɓo, babbar mota ba za ta shiga da gado da katifa da kwanukan jere ba. Sai aka tuna da Gwaggo Ja. Tasalla ba ta hana ba, ɗiyar ai tata ce ita ma. Ta wanke tirela da kanta, ta sa gwangwanin a ƙarƙashin kujera, ta kuma gaya wa Alhaji baki da baki cewa duk inda aka ajiye ta a rufe mata baki. Alhaji ya yi dariya, ya ce Yaya Tasalla ba ta canzawa, ko Makka aka kai ta sai ta tambayi inda ake sayar da gwangwani.

Marigayiya ta yi aikinta na ƙarshe ba tare da gardama ba. Ta kai kaya Tibiri, ta ratsa taɓon, ta dawo Sabon Gari da azahar. Hafizu ya ajiye ta a jikin katangar Alhaji don ta samu inuwa, ya kifa mata gwangwaninta. Bai ɗaga kai ya ga cewa daidai saman bututun akwai indararon soro ba. Wannan kuskurensa ne, ya kuma amsa shi a gaban uwarsa. Da gwangwanin ya kwana a wurinsa, da kuskuren bai zama komai ba.

Tasalla ta koma Jiratawa da wuri saboda bisashe. Bayan tafiyarta ƙawayen amarya suka fito da kwalliyarsu, suka ga jar tarakta, suka ce a nan za a yi hoto. Wata ta ce wancan ƙazamin gwangwanin yana ɓata hoton. Alhaji yana tsaye da baƙinsa na nesa, ya miƙa hannu da kansa ya cire shi, ya ce a kai bayan gida. Aka zaro furannin roba daga jikin motar amarya aka cusa a bakin bututun. An ce hotunan sun yi kyau ƙwarai.

Hafizu ya gani. Saboda kunyar baffansa da manyan baƙi, ya ƙudura cewa in an watse zai mayar. Kafin a watse aka aike shi Tibiri da kulolin abinci, ruwa kuma ya tsare shi can. Ruwa ne na tsakiyar damina, irin wanda ke sauka ba sallama. Cikin gida mata suna ta shewa suna tsokanar amarya cewa ta cika cin ƙanzo tana yarinya, ga shi ta jawo ruwa ranar bikinta. A waje kuwa indararo yana ta zuba a bakin Gwaggo Ja, furannin suna tare ruwan suna shiryar da shi ciki.

Ko a nan ba ta mutu ba, kuma wannan ne abin da ya hana Tasalla barci. Da safe aka bukaci ƙofar gida domin motocin masu zuwa walima. Direban babbar motar Alhaji ya hau taraktar ya murza makulli. Marigayiya ba ta yi kurrr ɗinta ba. Ta ce ƙyas, sau ɗaya, ta yi shiru. Iyakar abin da ta iya faɗi ke nan don a ƙyale ta. Suka ce batir ne. Aka ɗaura mata sarƙa, babbar mota ta ja, aka saka mata giya aka saki kuloci don injin ya tashi dole. Waɗanda ke wurin sun ce ƙarar ta yi kama da an jefa turmi a kan dutse. Ƙarfe ya ɓullo ta gefen injin, baƙin mai gauraye da ruwa ya malale a ƙasa har ya taɓa takalman baƙi.

Bakaniken da ya duba ta ya ce da an yi haƙuri an kwance nozul, wato bakunan feshin mai, an juya injin da hannu, da ta amayar da ruwan ta tashi. Ya faɗi haka a gaban mutane, iyalan kuma suna roƙon waɗanda suka ji kada su manta.

Tasalla ta iso a kan babur ɗin kabu-kabu. Ba ta yi kuka ba. Ta zagaya gawar, ta shafa taya, ta zare furannin ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ta tambayi inda gwangwaninta yake. A madafa ta same shi, ana kwasar toka da shi. Ta wanke shi a bakin famfo, ta ɗaure a gefen mayafinta.

Ranar Talata Alhaji ya zo Jiratawa da kansa, iyalan kuma sun yaba da zuwan. Ya ce sai haƙuri, komai da lokacinsa, ita ma ta yi kwanan duniya. Ya ce ya riga ya yi magana da masu yankan ƙarfe, za su zo ranar Juma'a in an sauko daga masallaci su raba ta gunduwa-gunduwa su kwashe, ƙofarsa ta samu sarari. Shi kuma zai cika a kan kuɗin ƙarfen ya saya wa Yaya injin markaɗe, ta zauna a zaure tana hutawa kamar yadda ya dace da shekarunta. Tasalla ta bari ya gama, ta tura masa kwanon fura, sa'an nan ta ce:

"Alhaji, na yarda da ƙaddara tun kafin ka fara sa wando. Amma ita wannan ƙaddarar da hannu ta zo, da zobe a yatsa, mutane sun gani. Ban ce ka biya ni ba. Ka dai daina cewa tsufa ne. Gawar kuma tawa ce, ba ta sayarwa ba ce."

Alhaji ya ce to me za ta yi da mushen ƙarfe. Ta ce abin da ake yi da na gida, a kawo shi gida. Tayoyinta huɗu lafiya, ƙashin bayanta lafiya, garmarta na nan. Zuciya ce ta fashe, kuma ta ji ana samun ta hannu a wajen masu tsofaffin injuna. Ko bana, ko baɗi, ko bayan ranta. Wanda aka yanka da wuta kuwa ba ya dawowa.

Marigayiya ta rasu ta bar Tasalla, wadda har yanzu in la'asar ta yi sai ta miƙa hannu wajen sanda. Ta bar Hafizu, wanda tun ranar bai ci abinci ya ƙoshi ba. Ta bar ɗiya ɗaya da ta yi jami'a da guminta. Ta bar garma da tirela, marayu, a jingine a bayan rumbu. Ta bar fegi-fegi da dama a fadama waɗanda ba a san wanda zai juya ƙasarsu in noman rani ya zo ba. Ta kuma bar gwangwani guda, amininta na shekaru, wanda aka raba su a daren da ta fi bukatarsa.

Za a ɗauki gawa ranar Juma'a da sassafe daga ƙofar gidan Alhaji Abdulmutallib, tun kafin masu yankan ƙarfe su karya kumallo. Ba za a ja ta da mota ba, an ja ta da mota sau ɗaya ya isa. Masu shanun huɗa na Jiratawa, waɗanda ta sha taimaka wa iyayensu, sun yi alkawarin bijimai, za a riƙa canza su a hanya. Za a bi ta babban titi a hankali, ba ta lungu ba, domin duk wanda ya ji an ce tsufa ne ya matso ya ga ramin da ke gefenta. Ba za a yi mata salla ba, ƙarfe ce, iyalan sun san iyakarsu. Za a kwantar da ita a gindin bishiyar dogon yaron ƙofar gida inda ta saba kwana, fuskarta tana kallon fadama.

Za a zauna karɓar gaisuwa a nan har magariba. Mai zuwa da fura ko goro, an gode. Mai labarin inda ake samun inji na hannu, a shigo da shi har cikin gida. Mai niyyar cewa ai dama ta tsufa, ya yi zamansa, an yafe masa gaisuwar. Duk mai tarakta ko injin ban ruwa kuma, kafin ya taso, ya leƙa ya ga ko ya rufe bakin nasa. Furannin roba an wanke su, za a mayar wa masu su a kan faranti.

Tun da dole wani ya riƙe sitiyari a hanya, Tasalla ta ce ita za ta riƙe. Hafizu ya nuna mata yadda ake yi. Kafin bijimai su ɗaga ƙafa, za a yi sallama da Alhaji, a miƙa masa gwangwanin, a roƙe shi cikin girmamawa ya mayar da shi inda ya ɗauke shi, da hannun da ya cire shi, domin damina ba ta ƙare ba kuma ba a tafiya da mamaci baki buɗe. In ya fito, shi ne babban mai karɓar gaisuwa, tabarmarsa tana gaba. In bai fito ba, ba za a jira shi ba. Tasalla za ta taho da sandarta.