Ruwan Kwabbai a Kalgo

Lokacin da nake malamin makaranta a Gwandu, duk lardin babu mai tarin kuɗin tarihi irin nawa: anini, kwabo mai huda, toro, har liyarin azurfar kakata. Na tsara musu littafin fata, kowane shafi aljihuna reras. Baduku ya ce, "Malam, a sa ma aljihunan marfi mana." Na ce, "Kai dai ɗinka. Wa ya yi boko, ni ko kai?"

Na kai littafin Kalgo don surukina, babban malami, ya san 'yarsa ba ƙaramin mutum ta aura ba. Ya karɓa da bisimilla. Da ya ga ba ya buɗuwa irin na Larabci, sai ya juya shi kai ƙasa.

Aka yi ruwan kwabbai. Sarkin Ingila na jikin toro ya faɗa ƙwaryar fura, liyari ya shige ƙarƙashin rumbu, na bi shi da rarrafe cikin babbar riga, kaji na taya ni. Surukina ya toshe baki da rawani, kafaɗunsa na rawa.

Har gobe, hadari na tasowa sai mutanen Kalgo su ce, "Ku tara ƙorai, ƙila malamin Gwandu ne tahe."