Rasuwar 'Yar Baƙa a Ƙarƙashin Guduma

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan uwa da abokan karatu rasuwar wayata, wadda aka fi sani da 'Yar Baƙa. Ba jinya ta yi ba. Kashe ta aka yi da rana tsaka a filin makaranta, gaban ɗalibai da malamai.

Marigayiyar kwancen yayata ce, ta zo min da tsagaggen gilashi da murfi ɗaure da roba. Ba ta da kyan gani, amma ta san zumunci. Tun da babur ya karya ƙawarmu Barkono a cinya, ta kwanta a gida ga jarrabawar fita ta ƙarato, marigayiyar ce ta zame mata ƙafa. Mu huɗu muka raba darussa. Doguwa ta ɗauki lissafi, Mai Tabarau kimiyya, Sarkin Barci Turanci, ni kuma tarihi. Lokacin hutu sai mu laɓe bayan ɗakin ajiya, kowa ta bayyana abin da ta gane, marigayiyar tana naɗa. Da yamma in kai wa Barkono ita, da safe in karɓo ta ɗauke da tambayoyi. Garin koya wa Barkono ne ma Sarkin Barci ta fara gane Turancin ita kanta.

Ajali ya kira ta ne ta bakinta. Caji ya yi ƙasa ana tsaka da darasin malamin horo, ta yi ɗan kukan nan nata, ƙit-ƙit. Ya zazzage jakata a ƙasa. Dokar makaranta kuwa, wayar da aka kama mai ita ce za ta farfasa ta. Na durƙusa na yi bayani, ƙawayena suka durƙusa, ya ce doka ba ta san karaya ba. Aka buga ƙararrawa, aka tara kowa, ya ɗora ta kan bulo ya miƙo min guduma.

Bugun farko na sassauta. Ya zabga min bulala a gadon baya, ya ce ba tausa ya sa ni ba. A na biyu gilashin ya tarwatse, ɓarɓashi ya tsaga min haɓa, jini ya ɗiga kan farar rigata. Ban san me gudumar ta taɓo ba, sai marigayiyar ta buɗe baki da muryar Barkono:

"Na ƙarshen nan ban gane ba. Don Allah ku maimaita min a hankali."

Malam ya ɗaga bulala, ni kuma na rufe ido na yi ta dakanta har ta yi shiru, hayaƙi mai wari ya fito daga cikinta. Ya tona gawar da tsinin takalmi, ya zaro katin ajiya ya karya shi biyu. Ban taɓa tsanar hannuna irin ta ranar ba, kuma ban yafe ba.

Ta rasu ta bar caja mai karyayyen wuya, da abin sauraro mai kunne ɗaya, da majinyaciya da ke jiran amsar tambayarta.

Za a binne abin da na tsinto cikin safa gobe bayan an tashi, a bayan ɗakin ajiya. Zaman makoki a bakin gadon Barkono ne, kullum da yamma har ranar jarrabawa. Kada a zo da kuka, kowa ta zo da darasinta a baki. Doguwa ce za ta fara, da lissafin da ba a gane ba.

Muna gayyatar malamin horo. In ya ga dama ya taho da gudumarsa, don karatun yanzu a kawunanmu yake.