Ranar da Na Kare Ɗan Littafin da Na Kai Ƙara

Ko zan manta komi a duniya, ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na zama sarkin hana karatu a Madarumfa. Ni ɗin nan, da aka kora daga lakwal, makarantar boko, ban gama sanin baƙi ba.

Zamanin mulkin Shugaba Diori ne. Wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya shigo da wani littafin samari daga Najeriya ta garin Ɗan Issa, wai littafin har kyauta ya ci a can. Labarin wani yaro ne, Ilu, da ya gudu daga gona ya shiga duniya. Kashi na ɗaya ya zo, na biyu ya biyo. Samari suka bar noma, kullum suna bakin tabki, ɗaya na karantawa saura sun saki baki.

Ni na fara kai ƙara wurin mai gari. Na ce littafin nan zai kwashe mana 'ya'ya, ko bangonsa ban yarda in kalla ba. (Gaskiya ne, ban kalla ba. Bayan wata bishiya nake zama ina ɗinkin taru, kunnena na wajensu. Tarun nan lafiyarsa lau.)

Aka tara dattawa, aka kira mushen lakwal, wato malamin makaranta, ya faɗi abin da ke ciki, ga na uku sabo a hannunsa ba a ko buɗe ba. Ya fara: "Ranka ya daɗe, shi wannan Ilu, bayan ya saci raƙumin maigidansa..."

Sai na ji wata murya ta daka tsawa: "Ƙarya ne, Mushe! Kawunsa ne ya sata, aka laƙa ma yaron! Yana cikin na biyu!"

Muryata ce. A tsaye ma nake, ina nuna shi da yatsa.

Liman ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya. Mai gari ya dube ni ya ce, "To, sannu lauyan Ilu. In har ya ja mai furfura irinka, ina ga yara? Ƙararka ta karɓu. A maida littattafan inda suka fito."

Na ci shari'a, jama'a! Aka tafi da na uku ina kallo, an bar Ilu a kurkuku. Har yau ban san ko ya fito ba.

Shawarata ga masu kishin tarbiyya: in za ka sa a hana littafi, ka daure a karanta maka ƙarshensa tukuna.