Tarwaɗa Mai Lamba

Ba zan taɓa mantawa ba da farfesun da na ciyar da baƙi a bakin tafkinmu na wajen Utai, a ƙasar Wudil, ko da kuwa tsufa zai sa in manta hanyar gidanmu.

Wata ƙungiya ce ta kawo tallafi don a koya mana kula da tafkin. A lokacin ciyawar kachala ta cinye rabinsa, kifin da ya rage kuwa ko mage ta gan shi sai ta tausaya masa. Suka yi mana bita, suka zuba manyan tarwaɗa masu ƙwai, kowacce an maƙala mata ɗan ƙarfe mai lamba don a riƙa bibiyarta. Sharaɗinsu ɗaya: babu mai jefa koma ko ƙugiya har damina ta wuce. In sun dawo sun tarar an kiyaye, za su ba masunta jiragen kwale-kwale da kayan yankan kachala.

Da aka zo kafa kwamiti, ni aka zaɓa shugaba. (Sana'ata cajin waya ce a Sabon Gari, ban taɓa kama ko ɗan tsako na kifi ba. Amma a wajen bitar na fi kowa ɗaga hannu.)

Na riƙe muƙamin nan kamar gado. Na ƙwace komar mutane, na yi wa limami ƙorafi ya sa a huɗuba, har zalɓe na taɓa yi wa gargaɗin ƙarshe. Masunta suka haƙura, wasu suka koma dako, kowa na jiran jiragen.

Da aka ce baƙin za su dawo dubawa, sai tunanin abinci ya taso mini. Kun san Wudil: baƙo ya zo ya tafi bai ci kifi ba, ai zagi ne. Na kira abokina Sale, masunci ne tun kakanni.

"Sale, tarwaɗa nake so. Manya, masu rai, ba na ƙanƙara ba. Wadda in an ajiye a faranti sai baƙo ya gyara zama."

"An gama, Shugaba."

Ban tambaye shi daga ina ba. Manyan mutane ba sa irin wannan tambayar.

Ranar na sha babbar riga, na tsaya gaban rumfa na yi jawabi. Na ce tun da aka kafa doka ko ƙaya ɗaya ba ta bar tafkin nan ba. Na ce kifayen sun yi ƙiba har juyawa wahala take musu. Shugabar baƙin, wata likitar kifi da kowa ke ce wa Dakta, tana ta gyaɗa kai. Aka tafa, aka kawo farfesu.

Gaskiya ya yi daɗi, wannan kam ba a musu. Dakta ta yi loma biyu ta ce, "Shugaba, wannan daga kogi ne?"

"Ranki ya daɗe, daga can ƙasan gada. Nesa sosai."

Sai na ga ta daina tauna. Ta sa yatsu biyu a baki ta zaro wani abu, ta goge shi da hankici, ta ɗaga shi sama tana kallo. Ɗan ƙarfe ne. Mai lamba.

"Wannan tamu ce," in ji ta. "Da hannuna na sa mata."

Cokula suka tsaya gaba ɗaya. (Ban da na direbansu. Shi bawan Allah ya ce tunda ta riga ta mutu, bari ba zai dawo da ita ba.)

Na waiwaya na hango Sale a bayan rumfa yana suɗe ƙashi. "Kai Sale! Daga ina ka kamo?"

"Haba Shugaba, manya fa ka ce. Duk faɗin ƙasar nan ina manya suka rage in ba inda ka tara su ba? Ni na ɗauka mai doka ai shi ke riƙe da makullinta."

Na so ƙasa ta tsage, amma bakin tafki taɓo ne, iyaka dai takalmina ya nutse.

Masunta suka zuba mini ido, jiragensu na shirin tafiya a gabansu. Sai Sarkin Ruwa, dattijon da ke shugabantar su, ya gyara murya.

"Ranki ya daɗe, ki duba mu. Talakawa duk sun bi doka. Shugaban ne kawai ya ci, shi ma da ke ya ci."

Dakta ta kalli farantinta, ta kalli Sarkin Ruwa. Ta ce za a kawo jiragen, amma kwamiti na buƙatar gyara. Kafin ta rufe baki an sake zaɓe. Ban taɓa ganin mutanenmu sun haɗa kai da sauri haka ba, har Sale ya ɗaga hannu, da romo a yatsunsa.

Jiragen sun iso bayan damina, ba a gayyace ni ba. Abin da na koya dai shi ne, in baƙi sun zo duba amanar da suka bar maka, ka tuƙa musu tuwo da miyar kuka. Har yau ban ji an ce an tsinci lamba a cikin kuka ba.